Daga Ɗakin Jinya: Burodin tsami, gurasar Jakara da hannun da ke shiga tanderu

Uwargida da amarya, har da maigida mai leƙo mu ta wayar matarsa yana cewa labarai yake dubawa, barkanmu da sake haɗuwa. Na san na yi alƙawarin yau za mu ƙarasa maganar zazzaɓin cizon sauro ga jarirai. Ku yi min afuwa mu ɗaga ta zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin wata tambaya da aka ajiye min a wajen sharhi ta hana ni sakat tun ranar Talata.

Wata 'yar uwa ce daga Gwale. Ta ce shekara huɗu ke nan maigidanta yana fama da ciwon suga. Likita ya ce ya rage burodi, shi kuwa in bai haɗa burodi da shayi da safe ba, gani yake bai karya ba. Sai ta ga ana tallar wani burodi a Instagram mai suna sawado, mai tallar tana rantsuwa ba ya ɗaga suga, har da cewa yana wanke ciki. Kuɗin guda ɗaya, in ji ta, ya kusa cefanen gidanta na yini. Tambayarta ita ce: "Sista, in daure in riƙa saya masa?"

'Yar uwa, zan ba ki amsa. Amma ki yi haƙuri mu bi ta Jakara tukuna, ko da hanyar ta ɗan yi tsawo.

Shi dai wannan sawado, ma'anar sunan da Turanci ita ce kwaɓi mai tsami, don haka daga nan burodin tsami zan riƙa ce masa. Ba a sa masa yis na kanti. Gari ake kwaɓawa da ruwa a rufe a ajiye, kullum a ƙara masa sabon gari, har kwana biyar zuwa bakwai. A jikin ƙwayar alkama da hannun mai kwaɓi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Iri biyu ne ke yin aikin a nan. Akwai yis na daji, wanda ke cin zaƙin da ke cikin gari ya fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su ne masu kawo tsamin. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, to ga masu tsamar da shi nan. In kwaɓin ya yi ƙarfi, sai a riƙa gutsurar kaɗan ana tayar da sabon kwaɓi da shi, ragowar a ƙara mata gari a ajiye ta gobe. Ni uwar kwaɓi nake ce mata. In ana ciyar da ita, tana iya wuce mai ita a duniya. A birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodin Boudin da aka buɗe a 1849, kuma har yau suna cewa da uwar kwaɓin farko suke aiki. A ƙasar Beljiyam kuwa, kamfanin Puratos ya buɗe wata ma'ajiya a 2013 inda ake adana uwayen kwaɓi sama da 100 daga ƙasashe daban-daban, kowace a cikin kwalbarta, ana ciyar da su kamar dabbobin kiwo.

Abin da ya kamata a gane shi ne, tun zamanin Misirawan da, duk burodin da ya tashi da irin wannan dabara ya tashi, ko da kumfar kayan da aka tsima. Sai a 1857 ne masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya tabbatar cewa halittu masu rai ne ke kawo tsami, sannan a ƙarshen wancan ƙarni yis na kamfani ya yaɗu. Busasshen yis na cikin leda da muka saba da shi, ɗan ƙarni na 20 ne. Wato abin da ake tallata mana a matsayin sabon yayi, shi ne tsoho. Yis ne baƙo.

Lokacin kullen korona a 2020 Turawa suka zauna a gida ba aikin yi, sai suka koma wa wannan kwaɓi, hotuna suka cika intanet. Mu ma'aikatan lafiya ba mu ga hutun kulle ba, amma wata abokiyar aikina ta riƙa nuna min bidiyoyin a dutin dare, in marasa lafiya sun yi barci. Nan na ɗauki sha'awa. Na sayo garin alkama a Kurmi, na wanke wata tsohuwar kwalbar mayonis, na kwaɓa, na rufe ta gam, na ɗora a saman kabad. A watan Afrilu fa, tsakiyar zafin Kano. Mai bidiyon a ƙasar sanyi take, ta ce sai kwana uku za a fara ganin motsi. Nawa a dare na biyu ya tunkuɗe murfi ya malalo ta bayan kabad, ɗaki ya ɗauki wari kamar an ɓarar da tsohon nono. Maigida ya shigo yana tambayar ko ɓera ne ya mutu.

Surukata, Allah Ya ƙara mata lafiya, tana gidanmu a lokacin. Ta karɓi kwalbar ta shinshina, ta lakato da yatsa ta ɗanɗana, sai ta fashe da dariya.

"'Yar nan, wannan ne abin Turawan da kike ta ɓoyo? Ai tsohon kwaɓi ne."

Na ce, "Hajiya, kin san shi?"

Ta ce a gidansu tana yarinya, mahaifiyarta tana yin funkaso da alkaki na sayarwa, kuma ba ta taɓa ganin yis a gidan ba sai da ta yi wayo. Akwai wata ƙwarya ta musamman da ba a wanke ta da sabulu. In an gama suya, a bar ɗan ragowar kwaɓi a gindinta, a rufe da faifai. Da yamma a zuba sabon gari a kai. In na wata ya mutu, saboda ta yi tafiya ko ta yi jego, sai ta aiki yarinya maƙwabta a sammata, kamar yadda ake zuwa ɗibar wuta. Ba a saye, ba a hanawa.

Daga ranar na fara kallon madafinmu da wani ido. Ƙullun waina da muke bari ya kwana, da safe mu ɗiga masa ruwan kanwa don a kashe kaifin tsamin, mene ne? Gasarar koko fa? Sinasir? Bafulatana da ke zuba cokalin nonon jiya a cikin madarar yau? Duk aiki ɗaya ne da na kwalbar Beljiyam. Habashawa haka suke tayar da injera, mutanen Sudan haka suke yin kisra. Mu dai ba mu ɗauki namu hoto mun sa masa sunan Turanci ba.

To yanzu mu shiga Jakara.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san cewa in ana maganar burodin Kano na asali, gurasa ake nufi. Sunan daga Larabci ya zo, daga kalmar da ke nufin abu mai faɗi kewayayye, kuma har yau a Sudan suna da wani abinci mai kusan wannan suna. Alkama da cin ta a birni suna da alaƙa da fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas da suka riƙa ƙetaro Sahara suna sauka kusa da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sunayen unguwanni ma shaida ne. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna, Dandalin Turawa kuwa Larabawa ake nufi, don su aka fara kira Turawa kafin zuwan Nasara. Ga kuma Cediyar 'Yan Gurasa, wadda sunanta ya gama bayani.

In na taso daga dutin dare, wani lokaci nakan sa mai adaidaita ya bi da ni ta wajen don in sayi ta karin kumallo da zafinta. Wadda ba ta taɓa shiga gidan gurasa ba, ta daure ta je sau ɗaya, gani ya kori ji. Mata ne ke yin ta, a cikin gida. Tanderu tukunya ce babba ta yumɓu da aka girke aka yaɓe kewayenta da ƙasa, bakinta a sama. A cusa mata kara ko itace a kunna, wuta ta ci har cikinta ya yi jau. In harshen wutar ya kwanta, sai mai gashi ta tsoma hannu a ruwa, ta ciro curin kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta sunkuya ta zura hannu har kusan kafaɗa ta manna shi a bangon tanderun. Ta ciro wani, ta manna. Haka har bangon ya cika, a rufe, bayan 'yan mintuna a buɗe a ɓamɓaro. Babu agogo, babu ma'aunin zafi. Da fatar hannunta take sanin ko tanderu ya yi. A ƙofar gida kuma maza 'yan sari na jira da kwanduna, masu keke da masu babur, su ne za su kai ta tasha da bakin kasuwa da teburin mai tsire, har garuruwan da ke wajen Kano.

A ƙasashen Turai, wanda ke yin burodi da hannu a irin wannan murhu, gwani ake ce masa. Ana rubuta littafi a kansa, ana bin layi a ƙofar shagonsa, kuma ba a taya masa kaya. A nan kuwa, mu ne za mu tsaya a kan mai kwando muna cewa gurasar ta ƙanƙance, a ƙara mana gyara.

Yawancin gurasar yau da yis ake tayar da ita, kuma ban ga laifin masu yi ba. Uwar kwaɓi tana son lokaci. Kwaɓin da yis zai tayar cikin awa ɗaya ko biyu, ita sai ta ɗauki rabin yini ko kwana, kuma tana da hali irin na mutum: da hunturu ta yi nawa, da bazara ta yi gaggawa har ta zarce. Matar da 'yan sari ke jira a ƙofa da asuba, ga buhun fulawa na bashi a ɗaka, ba za ta iya yin caca da kwaɓin da zai iya ƙin tashi ba. Tsadar burodin tsamin da 'yar uwarmu ta gani a Instagram, yawancinta kuɗin wannan lokacin ne da wahalarsa. Mai yin sa ta samu masu biyan ta jiran da ta yi. Matar Jakara ba ta samu ba.

Abin da ya fi damuna ke nan, kuma shi ya sa na karkato da maganar. In muka sayi gurasa da araha, akwai inda cikon kuɗin ke fitowa, kuma ni a wajen aiki nake ganin sa.

A bara aka kawo mana wata dattijuwa, shekarunta za su kai sittin, da ƙuna a hannun dama daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Jiri ne ya ɗebe ta tana manna gurasa, hannun ya kwanta a bakin tanderu. Kwana huɗu da faruwar abin kafin a kawo ta. An shafa makilin, an fasa ɗanyen ƙwai, wata maƙwabciya ta barbaɗa fulawa, aka naɗe da tsumma. Da na warware, ciwon ya riga ya yi ruwa yana wari. Ina wankewa tana cije leɓe, ko uffan ba ta ce ba. Da na duba hannun hagu, sai na ga tabo a kan tabo, tsofaffi da sababbi, babu gashi ko ɗaya.

Na ce, "Iya, me ya hana ku zuwa tun ranar?"

Ta ce, "Sista, in na zo wa zai tsaya a kan tanderu? Marayu biyar ne a gabana."

Tana maganar tana tari, irin busasshen tarin nan mai fito a ƙirji. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ai wannan ba ciwo ba ne, na sana'a ne, kowa a gidan yana yi. Ba ta taɓa shan taba ba a rayuwarta, amma da likita ya saurari ƙirjin, irin abin da ake ji ne a ƙirjin tsohon mashayin sigari. Shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin kara a tsakar gida mai dogayen katangu, ga ƙurar fulawa da take shaƙa in tana tankaɗe da juye buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa. Ƙurar fulawa ita ma tana jawo asma, sanannen ciwo ne a tsakanin masu gidan burodi a duk duniya. Sai ciwon baya na sunkuyo, da ido mai yawan hawaye, da rashin barci, don wadda za ta fitar da gurasa da asuba tun tsakar dare take kwaɓi. Jirin da ya kayar da ita ma, da aka auna, jininta ya yi ƙasa sosai. Mai ciyar da rabin unguwa, ita da koko take wuni.

A kwanakin da ta yi tana zuwa wankin ciwo ne ta yi min lissafin sana'ar. Fulawa bashi ake ba ta. 'Yan sari su ma bashi suke ɗauka da safe, sai dare su kawo kuɗi, in an yi kwantai su dawo mata da shi. Kara da itace da ruwa da yis da gishiri da ladan 'yan matan da ke taya ta, duk daga ciki. In fulawa ta tashi, ba ta isa ta ƙara kuɗin gurasa yadda ya kamata ba, don mai saye zai juya. Sai ta rage girman curi, mu kuma mu ce ta yi ha'inci.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu bin labarai za su tuna farkon watan Fabrairun 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito kan titi a cikin birni ɗauke da kwalaye suna kokawa da tsadar fulawa, bayan buhu ya haura N40,000. Matan da yawancinsu ba su saba fita ba sai da lalura, ka san tura ta kai bango. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, da dala. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga farashinta a duniya. A 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin dako ya ninka. Muna noma alkama da rani a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, amma ba ta kai ko kusa da abin da muke ci ba. An ma taɓa hana shigo da alkama gaba ɗaya a 1987, zamanin Janar Babangida, don a tilasta noman ta gida, daga baya aka janye a 1992. Duk wannan guguwa, a ƙarshe a kan matar da ke gaban tanderu take sauka.

Tunda na san cikin masu karanta wannan fili akwai 'ya'ya da jikokin masu gurasa, da masu waina da ƙosai, ga saƙo ku kai gida. In an ƙone, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wajen har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro tun kafin hannu ya kumbura. Kada a sa makilin, kada a sa ƙwai, ko gishiri, ko manja, ko fulawa, kuma kada a fasa ƙurjin da ya yi ruwa. A rufe da tsabtataccen ƙyalle mara gashi. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska, ko yatsu, ko gaɓa, ko kuma yaro ne, a tafi asibiti a ranar, a kuma tambayi allurar tetanus. Tarin da ya wuce mako biyu a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganinsa ma kyauta. In da hali a girke tanderu a inda iska ke ratsawa, a yi amfani da busasshen kara, don ɗanye ya fi hayaƙi. Mai goyo ta sauke jaririn ta ba wani kafin ta sunkuya kan wuta. Wannan na ƙarshen ina roƙo ne, don na ga abin da ba na son in sake gani.

Yanzu 'yar uwata ta Gwale, ga amsarki.

Burodin tsami na gaske yana da ɗan fifiko, ba zan ɓoye miki ba. Tsamin da ke cikinsa yana sa jiki ya ɗan jinkirta narkar da sitaci, don haka a wasu mutane suga ba ya tashi da sauri kamar yadda yake yi da farin burodin leda mai sukari. Doguwar tsimar tana kuma rage wani sinadari da ke cikin dusar alkama mai hana jiki tsotsar ƙarfe da zinki. Amma fifikon kaɗan ne, kuma nazarce-nazarcen da aka yi sun nuna ba kowa ke samun sa ba. Irin garin ya fi tsamin tasiri: burodin tsami na farar fulawa, farar fulawa ce dai. Ba ya warkar da suga, ba ya wanke ciki, kuma duk wadda ta ce miki maigida zai iya ajiye maganinsa saboda burodinta, ki toshe lambarta. Wanda likita ya hana cin alkama gaba ɗaya saboda hanjinsa ba ya ɗaukar ta, shi ma wannan bai halatta masa ba.

In kuna da na'urar gwajin suga a gida, ita ce alƙali. Ya ci abin da ya saba, a auna bayan awa biyu, a rubuta. Wata rana ya ci ɗayan daidai wannan yawan, a auna, a rubuta. Ku kai wa likitansa takardar. Abin da na fi gani yana aiki a wajen marasa lafiyarmu shi ne rage yawa da kuma abin da aka haɗa da shi. Rabin gurasa da aka yi bandashe da ita, da garin ƙuli-ƙuli da kabeji da kokwamba da tumatir da albasa da yawa, mai kaɗan, gishiri da magi kaɗan, ta fi masa alheri a kan yanka huɗu na burodin tsami da shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali uku. Ƙuli da ganye suna rage gudun da sitaci ke shiga jini. Ko ya ci da wake, ko da dafaffen ƙwai. Shayin nan dai shi ne babban mai laifi a gidaje da yawa, sai a bar shi a kama burodi.

Wani abu kuma game da burodin leda, tunda muna kai. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi, wanda wasu ke zubawa don ya kumbura ya yi laushi, saboda ana zargin yana jawo ciwon daji kuma yana taɓa ƙoda. Ki riƙa duba lambar hukumar a jikin leda. Burodin da ya yi girma kamar matashin kai amma in kin matsa ya koma loma ɗaya, ki yi hattara da shi.

In kuma kina son ki gwada na tsamin, ba sai kin taɓa kuɗin cefane ba. Ki sayi alkama ki kai inji a niƙa miki da dusarta. Ki zuba cokali uku na garin a kwalba ko ƙwarya mai tsabta, ki sa ruwa ki dama ya yi kaurin ƙullun waina, ki rufe sama-sama yadda iska za ta fita. Kada ki ɗaure murfi irin nawa. Kullum ki kwashe rabi, ki ƙara sabon gari da ruwa. Da zafi sau biyu a rana, kuma ki ajiye ta gindin randa inda ke da sanyi. Da hunturu sau ɗaya ya isa. Kwana biyun farko za ta yi wari mara daɗi, kada ki karaya, zai wuce. In ta fara ninka kanta cikin 'yan awanni bayan kin ciyar da ita, tana ƙamshi kamar kindirmo, ta yi. In kika ga gansakuka, ko launin ja ko ruwan hoda a kai, ki zubar ki sake sabuwa. Ranar da za ki yi, ki ɗebi ludayi ɗaya ki kwaɓa da gwangwani huɗu na gari da gishiri kaɗan da ruwa, ki rufe ya tashi, ki faɗaɗa ki gasa a busasshen kasko mai kauri da murfi, wuta kaɗan. Ba za ta kamo ta tanderu ba, amma za ta ciyu. Wanda kike kwashewa kullum kada ki zubar, in uwar ta riga ta yi ƙarfi ki tara shi ki yi funkaso.

Ita kuwa Iya, hannun ya warke bayan mako biyar, da tabo. Ranar da muka sallame ta daga wankin ciwo ta zo min da gurasa shida a baƙar leda, da ɗuminsu. Na ce ba ma karɓa. Ta ce in ban karɓa ba ta yi fushi har lahira. Na karɓa, na tambaye ta wa ya gasa. Ta ce ita, tun mako biyu da suka wuce ta koma, da hannun hagu take mannawa.

Na tambaye ta ko ta san tsohon kwaɓi. Ta ce ta tarar da kakarta tana yi, kuma gurasar lokacin tana kwana uku ba ta yi fumfuna ba, ga wani ɗanɗano a ƙarshen harshe da ta yanzu ba ta da shi. Na ce in aka samu masu saye da daraja za ta yi? Ta dube ni ta ce, "Sista, kawo masu sayen tukuna."

Shi ya sa nake tambayar ku. Wadda a gidansu har yanzu ake ajiye tsohon kwaɓi, na gurasa ne ko na funkaso ko na alkaki, ta rubuto a wajen sharhi ta gaya mana unguwa da yadda ake ciyar da shi, ban da suna ko lambar kowa. Waɗanda kuma za su iya biyan ninki biyu a kan gurasar alkama mai dusa da aka bari ta kwana ta tashi da kanta, su ma su ɗaga hannu in ƙirga. Ranar Asabar ba ni da duti, zan leƙa Jakara in kai mata adadin.